Wane Yashi Ya Dace Da Tsire-tsire Masu Cin Ƙwari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na samu tsiron nan mai ganye kamar baki wanda ke rufewa idan ƙuda ya sauka a kansa, kuma an ce mini a cakuɗa masa ruɓaɓɓen gansakuka da yashi. Na ɗebi yashin da ya rage a wurin gini na haɗa, amma bayan 'yan makonni ganyen ya fara baƙi, sabbin da ke fitowa kuma ƙanana ne. Shin yashin ne sanadi, kuma wane iri ya kamata in nema?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mai yiwuwa yashin ne, Malam, domin alamun da ka bayyana su ne ake gani idan gishiri da sauran sinadarai sun taru a saiwar tsiron. Wannan tsiro, wanda masana ke kira Dionaea muscipula, asalinsa daga dausayin jihohin Karolaina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka, inda ƙasar take da tsami kuma babu abin kirki na gina jiki a cikinta. Rashin abinci a ƙasa ne ya sa yake neman naitirojin, sinadarin da tsirrai ke buƙata don girma, daga jikin ƙwari, saboda haka saiwarsa ba ta jure abin da sauran tsirrai ke maraba da shi. Aikin yashi a cikin haɗin shi ne ya buɗe gansakukan don iska ta shiga, ruwa kuma ya wuce, ba tare da shi kansa ya saki komai a cikin ruwan ba.

Wanda ya cika wannan sharaɗi shi ne yashin silika, wato na dutsen kwaz, wanda ba ya narkewa kuma ba ya canza tsamin ƙasa. Ka nemi mai gwaɓi, wanda ƙwayarsa ta kai milimita 1 zuwa 2, domin rairayi mai laushi kamar gari yakan toshe 'yan kafofin da ke cikin haɗin, har ya daskare ya hana saiwa numfashi. Ana samun irinsa a matsayin yashin tace ruwan wurin ninƙaya, kodayake ƙwayar wani ba ta kai girman nan ba, sai a duba jikin buhun a tabbatar silika ne zalla. Yashin gini yakan zo da laka da ƙura, wani lokaci har da ɓurɓushin siminti ko farar ƙasa. Na bakin teku ya fi muni, domin ga gishiri ga fasassun ɓawon katantanwa, waɗanda ke narkewa a hankali cikin ƙasa mai tsami suna kashe tsamin.

Ko da mai sayarwa ya rantse maka, ka gwada da kanka, kuma gwajin ba shi da wahala. Ka zuba cokali ɗaya na busasshen yashin a kofin gilashi, ka tsiyaya ruwan khal har ya rufe shi, sannan ka kara kofin a kunnenka. Idan ka ga ƙananan kumfa suna ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ka ji wani siririn sauti kamar na lemon kwalba da aka buɗe, to akwai sinadarin alli a ciki, kuma wanki ba zai raba shi da shi ba. 'Yan kumfan da ke fitowa nan take su tsaya, iska ce kawai da ta maƙale tsakanin ƙwayoyin, kada su ruɗe ka.

Yashin da ya ci wannan gwaji sai a wanke shi a bokiti, ana motsawa ana zubar da ruwan, har sai ruwan ya fito garau, sannan a yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan sama. Idan kana da 'yar na'urar auna narkakkun sinadarai a ruwa, ka jiƙa yashin ya kwana, ka auna ruwan. Masu renon waɗannan tsirrai sun fi son yawan sinadaran ya kasance ƙasa da kashi 50 cikin miliyan. Ka riƙa jiƙa yashin kafin ka juye shi, domin shaƙar ƙurar silika tana illata huhu.

Game da tsironka kuwa, ka cire shi yanzu, ka ɗauraye saiwar da ruwan sama, ka yanke ganyen da ya mutu. Muddin gindinsa yana nan fari da ƙarfi, akwai sa ran zai farfaɗo. Ka dasa shi a sabon haɗi, gansakuka kashi ɗaya yashi kashi ɗaya, a cikin tukunyar roba, kuma ka tabbatar gansakukan ba wanda aka sa wa taki ba ne. Idan yashin silika ya gagara samuwa, farin dutsen nan mara nauyi da ake kira falait zai iya maye gurbinsa, shi ma bayan an wanke shi.