Zuwa ga ƙanena mai son zuwa Gini aikin boksit

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni a gareji hannuna duk baƙin mai, sai bayan isha'i na zauna na karanta shi a nitse. Ka ce shekara biyu ke nan da gama diflomarka ta kanikanci ba aiki, wani dillali ya yi maka alkawarin in ka biya shi zai kawo ka Gini ya sa ka a kamfanin haƙar boksit, wato ma'adinin da ake fitar da alminiyam daga cikinsa, kuma tun da ina Kamsar, garin tashar jiragen ruwa a nan Gini, kana so in ce maka taho.

Ba zan ce ka taho yanzu ba. Dillalin nan kuma kada ka ba shi ko sisi.

Arzikin da ya ba ka labari gaskiya ne. Babu ƙasar da ta kai Gini ajiyar boksit a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka sani yana nan, kuma abin da ake fitarwa a shekara ya haura tan miliyan 100, mafi yawansa Sin ake kai shi. In ka gan shi ba za ka ce dukiya ba ce, jar ƙasa ce irin marmarar da ake zubawa a hanya. A Sangaredi, inda ake haƙarta, a sama-sama take: a share daji, a kware ƙasar sama, a fasa da nakiya, a loda. Jirgin ƙasa ya ɗauko ta kilomita 135 zuwa nan Kamsar, a niƙa, a busar, a zuba a jirgin ruwa. Haka kamfanin CBG yake yi tun 1973, gwamnati na da kashi 49 a cikinsa. Daga 2015 kuma kamfanin SMB ya shigo da jarin Sin da Singafo, yana lodi a bakin kogin Nunez, yankin Boke ya cika da tifofi.

Abin da dillalin bai faɗa maka ba shi ne wa ake ɗauka. Dokar ma'adinai ta 2011 ta keɓe duk aikin da ba ya buƙatar ƙwarewa ga 'yan ƙasa, a 2022 kuma aka ƙara wata doka da ta sake fifita ɗan gida a aiki da kwangila. Ni ban ga laifinsu ba. Ina nan a 2017 lokacin da matasan Boke suka tare hanyoyi saboda rashin wuta da ruwa da aikin yi, har aka rasa rayuka. Mutum yana kallon dukiyar garinsu tana wucewa dare da rana, ƙura ta rufe masa gonar kashu, rafin da matarsa ke ɗiban ruwa ya gurɓace, ɗansa yana zaune. Ta yaya za a tsallake wannan ɗan a ɗauki baƙo direba ko mai gadi? Fasfonka na ECOWAS zai shigo da kai ba biza na kwana 90, amma izinin aiki takarda ce daban, kuma wanda ya ɗauke ka ne yake nema maka ita.

Ga harshe. Komai na aiki da Faransanci ake yin sa, daga takardar neman aiki har umarnin tsaro da ake karantawa kowace safiya. A kasuwa kuma Susu ne da Fulatanci. Ni na zo ba Faransanci, na faɗa hannun wani ƙaramin ɗan kwangila, na yi masa wata biyar ina kwance injin ina ɗaurawa ba takarda ko ɗaya a tsakaninmu. Ranar da kwangilarsa ta ƙare ya ɓace da albashina na wata uku. Ban iya ko rubuta ƙorafi ba, kuma da na je ma ni ne mai laifi, tun da ba ni da izinin aiki. Wani dattijo Bafulatani da muke sallah masallaci ɗaya ne ya riƙe ni a shagonsa har na miƙe. Ba na so ka bi ta nan.

Ko wanda ya samu aikin ma ba ya barci da ido biyu. Je ka Firiya ka gani. A can aka gina matatar alumina ta farko a Afirka, wato inda ake tace boksit ya zama farin gari, ta fara aiki a 1960, gari guda ya rayu a kanta. A 2012 bayan yajin aiki aka rufe ta, ba a sake kunna ta ba sai 2018, shekara shida mutane na sayar da kayan ɗaki. A ƙarshen 2024 ma, hukuma ta dakatar da fitar da kayan GAC, kamfanin 'yan Daular Larabawa, daga baya ta karɓe lasisinsa. Tushen rigimar shi ne maganar gina matata.

Wannan maganar matata ita nake so ka riƙe, don a nan nake ganin rabonka. Boksit ɗanye arha ne. Kuɗin yana wurin tacewa: a niƙa shi, a dafa shi da soda mai ƙuna, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, cikin manyan tukwane masu zafi da matsi. Sodar ta narkar da abin da ake so, jan taɓo ya kwanta a ware shi, sannan a fitar da abin daga ruwan a gasa shi ya zama farin gari kamar gishiri. Shi ne alumina. Tan biyu zuwa uku na boksit ke ba da tan ɗaya na alumina, tan biyu na alumina kuma su ba da tan ɗaya na alminiyam ɗin da ake tukwane da kwanon rufi da shi. Wannan mataki na ƙarshe wuta yake sha, wajen kilowat-awa 14,000 kowane tan, shi ya sa ba a yin sa a nan. Tun da Mamadi Dumbuya ya karɓi mulki a Satumba 2021 yake matsa wa kamfanoni su tace a gida, kuma a 2025 kamfanin SPIC na Sin ya aza harsashin matata a Bofa. Matata ba ƙarfin damtse take nema ba. Tana neman wanda ya san famfo da bawul, da tukunyar tururi, da waldar bututu mai ɗaukar matsi, da na'urorin awo. Irin waɗannan hannuwa ne suke ƙaranci, kuma a kansu ne kamfani ke yarda ya sha wahalar nema wa baƙo takarda.

Saboda haka kuɗin da ka tara wa dillali, raba shi biyu. Rabi ka shiga ajin Faransanci, akwai Alliance Française a Kano, ka dage har ka iya karanta littafin inji ka kuma rubuta rahoton gyara. Rabi ka nemi shaidar ƙwarewa a abu guda, ko walda ko haidirolik na katafila, ka samu inda za ka yi shekara biyu kana taɓa manyan injuna ko da albashin bai taka kara ya karya ba, ko a wurin fasa dutse ne ko kamfanin siminti. In kuma karatun ne ya fi kwanta maka, akwai babbar makarantar ma'adinai a nan Boke, amma ita ma da Faransanci ake koyarwa, ka ga dai ba inda za ka kauce masa.

Ranar da ka samu takardar ɗaukar aiki mai sunan kamfani da albashi da wanda zai biya izinin aiki, turo mini hotonta in je ofishinsu da ƙafata in tabbatar. In ta tabbata, ɗakina naka ne har ka kama naka. Ka zo da takalmin ruwa, daminar nan ba irin tamu ba ce, a Yuli da Agusta sai a kwana a wuni ana zuba. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata ni na ce a dakata da sayar da filin nan.