Wa zai gaji sarautar surukinka a Ingila?

Malam, ka ce matarka 'yar wani baron ce (wato mai riƙe da wata sarautar gado) a Ingila, mahaifinta ba shi da ɗa namiji sai ita da ƙanwarta, tana kuma da ɗa namiji daga aurenta na farko, kana so ka san ko sarautar za ta faɗo gidanka.

Takardar da aka kafa sarautar da ita ce za ta raba gardama. Galibin irin waɗannan takardu sun keɓe gado ga 'ya'ya maza, kuma idan ta surukinka haka take, sarautar za ta tsallake matarka zuwa wani namiji daga zuriyar wanda aka fara naɗawa, in babu shi kuma sarautar ta mutu. Akan sa sharaɗi na musamman da ke ba 'ya mace damar gado jefi-jefi, kamar yadda aka yi wa Mountbatten, wani basaraken Birtaniya, wanda 'yarsa Patricia ta gaje shi a 1979.

Tsofaffin sarautun da suka samo asali daga takardar kira zuwa majalisa su ne mace ke gada, sai dai a nan doka ba ta fifita ya a kan ƙanwa, saboda haka sarautar kan tsaya babu mai riƙe da ita har sai zuriyar ɗaya ta ƙare, ko Sarki ya amsa roƙon ɗayarsu. Misali, wata mai irin wannan sarauta, Katherine Willoughby, ta gaji mahaifinta kai tsaye a 1526 ne don ita kaɗai ya bari. Ta auri Charles Brandon, 'ya'yansu maza biyu suka rasu a 1551, ta sake aure da Richard Bertie, shi ya sa da ta rasu a 1580 ɗansu Peregrine ya hau. A gidanka kuwa ɗan mijin farko yana raye, kuma yana gaban 'ya'yanka. Kai kanka ba ka da rabo, domin miji ba ya samun laƙabi ta hanyar matarsa.

Shawarata ita ce matarka ta sa masana nasaba na College of Arms da ke Landan su binciko asalin sarautar kafin ta kashe kuɗi a kan lauya, ta kuma adana takardun aure da na haihuwa, tunda ɗan da aka haifa ba da aure ba, ba ya gadon sarauta. Gidaje da gonaki dabam suke: surukinka yana iya yin wasiyya da abin da ya mallaka, amma ba ya iya yin ta da sarauta.