Me Ya Sa Ƙarfe Yake Karyewa Ba a Yi Masa Lodi Ba?

TAMBAYA: Malam, ina da injin niƙa, kuma sandar da ke ɗauke da fuli, wato ƙarfen da bel yake hawa ya juya shi, ta karye alhali ban taɓa ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa ba. Na kai an yi mata walda, ta sake karyewa a wurin. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Malam, abin da ya sami sandarka shi ne injiniyoyi suke kira gajiyar ƙarfe. Idan ka lanƙwasa waya sau ɗaya ba abin da zai same ta, amma in ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya sai ta tsinke. Sandar da bel yake ja gefe ɗaya tana juyawa haka take lanƙwasuwa a kowane zagaye, sau dubbai a sa'a guda, ko da ido bai gani ba.

Ka ɗauko guntun da ya karye ka dubi fuskarsa. Za ka ga ɓangare mai santsi, wani lokaci da layuka irin na rairayin da ruwa ya janye ya bari. Nan ne tsaga ta yi ta rarrafe tsawon watanni. Ɓangare mai kaushi shi ne ragowar da ta ɓalle a rana ɗaya. Ka bi layukan zuwa mafarinsu, galibi za ka tarar da kusurwa mai kaifi, ko ramin tsatsa, ko gefen walda.

Wannan ciwo ne ya tarwatsa jiragen Comet biyu na Ingila a sararin sama a 1954. Da masu bincike suka saka gangar jikin jirgi a tankin ruwa suna ƙara matsi suna ragewa, sai ta tsage daga kusurwar taga bayan kimanin zagaye 3,000, idan aka haɗa da tafiye-tafiyen da jirgin ya riga ya yi.

Saboda haka ina roƙonka ka haƙura da walda, domin zafinta yakan bar rauni daidai inda aka fi buƙatar ƙarfi, kuma sandar da ta ɓalle injin yana gudu tana iya raunata yaron da ke zuba hatsi. Ka sa a yanko sabuwa, mai yankan ya zagaye kusurwar da kauri yake sauyawa, ya goge ta sumul. A daidaita fulin biyu su yi saiti, kada a ɗaure bel fiye da kima, kuma girgiza in ta ƙaru a tsaya a duba boris. Lokaci-lokaci ka wanke sandar, ka shafa kananzir, ka goge, sannan ka barbaɗa garin alli. Inda tsaga take, siririn layi mai danshi zai fito a kan farin.