Tambaya da Amsa: Gadar da Ke Rawa da Kwalbatin Gayya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, kuma kusan kullum ina bi ta gadar sama ta Kwangila. Wata rana cunkoso ya tsayar da mu a kanta, da wata tirela ta wuce ta ɗaya hannun sai na ji motata tana rawa. Na kuma lura da wani tsagi da ya ratsa titin daga gefe zuwa gefe. Shin alama ce ta gada ta gaji? Kuma wane ne ke tabbatar da cewa gada za ta ɗauki abin da aka ɗora mata? Daga wani mai karatu, Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abubuwa biyun da suka tayar maka da hankali, a yawancin gadoji, da saninsu aka yi zane tun farko. Dogayen sandunan kankare da ke kwance daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, waɗanda ma'aikata ke kira bim, suna ɗan lanƙwasawa idan kaya mai nauyi ya hau, su miƙe idan ya sauka. Mai gudu ba ya jin wannan motsi, wanda ke tsaye ne yake ji.

Tsagin kuwa saboda zafi aka bar shi. Kankare da ƙarfe suna miƙewa idan sun sha rana, su tsuke idan sanyi ya sauka. Gada mai tsawon mita 100, idan bambancin asubar hunturu da azahar ɗin bazara ya kai digiri 30, za ta ƙaru da kimanin santimita 3, kuma idan ba a bar mata wurin miƙewa ba, to ita za ta nema wa kanta ta hanyar tsattsagewa. Shi ya sa ma bim ɗin ba a kan ginshiƙi kai tsaye yake zaune ba, akwai faifan roba mai kauri da faranti na ƙarfe a cikinsa da ake sakawa tsakaninsu domin gadar ta riƙa matsawa. Mahaɗan da ake sakawa a tsagin nan da waɗannan faifai suna tsufa, kuma domin canza irinsu ne aka rufe wani sashe na Gadar Third Mainland ta Legas, mai tsawon kilomita 11.8, tsawon watanni a 2020, shekara talatin bayan buɗe ta a 1990.

Game da mai alhaki, shi ne injiniyan ƙarfin gini. Aikinsa, idan an taƙaita, shi ne bin sawun nauyi: daga tayar tirela zuwa daben gada, daga dabe zuwa bim, daga bim zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa harsashi, har ya sauka a ƙasar da za ta iya riƙe shi. Duk inda wannan sawu ya yanke, nan gada za ta karye. Yana lissafa nauyin gadar kanta, wanda a gadar kankare mai tsawo yakan fi na motocin da ke kanta, da nauyin manyan motoci idan sun jeru, da turin da birki ke yi, da iska, da ruwan da ke dukan ginshiƙai, sa'an nan ya ƙara rara a kan lissafin domin abin da ba a zata ba.

Mu mutanen Zazzau bai kamata wannan ilimi ya zame mana baƙo ba. Wanda ya shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin, ya ga wannan lissafi da idonsa. Ƙasa tana jure danni amma ba ta jure ja, sai magina suka ɗaura azara a cikinta. Haka kankare yake: ƙarfinsa wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danni ba, sai aka sa masa rodi ya zame masa azara. Kaurin rodin, da yawansa, da inda zai zauna, duk injiniya ne ke yankewa, kuma wanda ya rage guda biyu don ya samu canji ya taɓa kashin bayan gadar, ko da ido ba zai gani ba.

Masana ma sun sha koyon darasi da tsada. Gadar Takoma ta Amurka ta faɗi a Nuwamban 1940, wata huɗu kacal da buɗe ta, saboda iskar da ba ta kai guguwa ba ta riƙa murɗa dabenta har ya tsinke. Tun daga nan ake gwada samfurin dogayen gadoji a ɗakin gwaji da ake hura musu iska kafin a gina su. Gadar Morandi ta Italiya kuwa ta rufta a Agustan 2018, mutum 43 suka rasu, kuma bincike ya nuna tsatsa ta daɗe tana cin wayoyin ƙarfen da ke ɓoye cikin kankare.

Wannan ta biyun ita ce ta fi kama da matsalarmu, domin a ganina mun fi iya bikin buɗe gada a kan duba ta bayan an watse. Alamun da suka cancanci a kai ƙara ga Ma'aikatar Ayyuka su ne kankare yana ɓarewa har rodi ya fito, da jan ruwan tsatsa yana zubowa a jikin ginshiƙi, da gefe ɗaya na tsagin nan ya fi ɗaya tudu, da ƙona shara a ƙarƙashin gada, wanda ke gasa kankare ya raunana shi. A doka, injiniyan da ke da rajista da hukumar COREN, mai kula da sana'ar injiniya a Najeriya, wadda aka kafa a 1970, shi ne ke sa hannu da hatimi a kan zane, ɗan kwangila ya gina, hukumar da ta mallaki hanyar kuma ta ci gaba da dubawa.

Tambaya: Malam, a ƙauyenmu da ke kusa da kogin Galma akwai rafin da ke raba mu da kasuwa duk damina. Mun yi karo-karo za mu gina kwalbati, kuma muna da birkila da ya daɗe a sana'a. Dole ne sai mun nemi injiniya? Daga sakataren wata ƙungiyar ci gaban ƙauye.

Amsa: Allah ya saka muku da alheri, Malam Sakatare, amma ku neme shi, kuma kafin ku sayi buhun siminti ko ɗaya. Birkilanku ya san yadda ake zuba kankare, sai dai tambayar farko a nan ta ruwa ce: nawa ne zai bi ta wurin a ranar da aka yi ruwan da ba a saba gani ba? Idan bakin kwalbatin ya yi ƙanƙanta, ruwa zai taru, ya haura ta sama ko ya zagaya ta gefe ya kwashe cikon ƙasa, a wayi gari kwalbati yana tsaye lafiya lau a tsakiyar rafi, hanya kuwa babu. Idan harsashin bai yi zurfi ba, ruwa zai riƙa raraƙe yashin da ke ƙarƙashinsa a hankali har ya karkace, kuma wannan raraka tana cikin manyan abubuwan da ke kayar da gadojin kan ruwa a duniya. Saboda haka ku hana ɗibar yashi kusa da wurin.

Injiniya zai auna faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa rafin, ya duba irin ƙasar wurin, ya ba ku girman baki da zurfin tushe da jerin rodi, tare da katangun gefe da za su riƙe cikon. Ku fara da sashen ayyuka na ƙaramar hukumarku, kuma Zariya ba ta rasa masana, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Idan an zuba kankare, a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, kada kuma a bar mota mai kaya ta hau kafin kwana 28. Ranar da zai zo duba wurin, ku taho da dattawan da suka fi kowa daɗewa a bakin rafin, su nuna masa a jikin bishiya ko gaɓa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a tsawon rayuwarsu, domin daga wannan shaida zai fara lissafinsa.