Amsa ga mai tambaya: me ya sa ɗaurin rai-da-rai bai wadatar ba?

Ɗan'uwa ka ce me ya sa har yanzu wasu ke goyon bayan hukuncin kisa alhali ana iya ɗaure mai laifi rai-da-rai kowa ya huta. To ni gandiroba ne da na yi ritaya, bari in faɗa maka abin da na sani.

Rai-da-ran nan sau da yawa a takarda yake tsayawa. Gwamnati ta canja, doka ta canja, a yi afuwa ko a fasa gidan yari, sai ka ga mutum a waje yana yawonsa. Je ka bincika labarin Kenneth McDuff a jihar Texas ta Amurka. A 1966 ya kashe matasa uku aka yanke masa hukuncin kisa, a 1972 kotun ƙolin ƙasar ta dakatar da hukuncin, nasa ya koma rai-da-rai, a 1989 aka sake shi saboda cunkoso a gidajen yari, yana fitowa ya dasa daga inda ya tsaya yana kashe mata, sai a 1998 aka zartar masa da hukuncin kisa. Jinin matan nan fa a wuyan wa yake?

Sannan a cikin gidan yarin ma ai mutane ne. Na ga ɗan rai-da-rai da ya zauna ya wasa ƙotar cokali a siminti ya burma wa abokin ɗakinsa a wuya kan bargo, da muka riƙe shi ko gezau, cewa ya yi to me za ku ƙara min? Wallahi ba mu da amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne dangin mamaci, su kowa mantawa yake da su. In mun kai fursuna kotu sai ka ga uwar wanda aka kashe a bencin baya ta ƙanƙame hular ɗanta, lauyoyi na ta haƙƙin wanda ake tuhuma, ita ko kallonta ba a yi. Musulunci su ya ba zaɓi, ko ƙisasi ko diyya ko su yafe, duba aya ta 178 da 179 a Suratul Baƙara. Kwatanta da ƙasar Nowe inda wani mai suna Breivik ya kashe mutum 77 a 2011 aka ba shi shekara 21, duk da ana iya tsawaitawa.

Batun cewa hukuncin kisa yana tsorata masu laifi kuwa ban cika kafa hujja da shi ba, mai kisa cikin fushi ko maye ba ya lissafin igiya.

Amma fa goyon bayan da nake ba hukuncin kisa da sharaɗi yake: shaida ta fito ƙarara, a ba mutum lauya da damar ɗaukaka ƙara har ƙarshe. Iƙirarin da aka samo da duka a bayan kanta ban yarda a rataye kowa a kansa ba, don na ga irinsu an kawo mana hannu a kumbure ko biro ba sa iya riƙewa.