Da Me Sauro Yake Ji? Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wata malamar firamare daga Mabera ta rubuto: "Malam, littafin kimiyya ya ce sauro yana ji da zare biyun nan da ke kansa. Mene ne sunansu da Hausa? Na ji wasu suna cewa eriya. Kuma daidai ne in ce yana ji da su, alhali ba kunnuwa ba ne?"

Malama, a bar wa rediyo da talabijin eriyarsu. Abin yana damuna ƙwarai idan na ji mai gabatar da shiri ya ce "eriyar ƙwaro", domin ya aro suna daga na'urar da ta zo jiya ya liƙa wa halittar da kakanninmu suka sani tun fil azal. Ni ƙaho na zaɓa, saboda a ka suke, biyu ne, kuma yaro zai gane nan take.

Sashe na biyu na tambayarki ya fi burge ni. Ki faɗi "ji" ba tare da shakka ba, domin a Hausa wannan aikatau bai taɓa zama mallakar kunne shi kaɗai ba. Muna jin ƙara, muna jin wari, muna jin zafin rana, muna jin gishiri a miya, har ma muna jin Fulatanci. To, ƙahon ƙwaro yana shinshina, yana taɓawa, yana kuma ɗaukar sauti, don haka kalma ɗaya tamu ta tattara aikin da Bature sai ya nemo kalmomi uku kafin ya faɗe shi.

Ga yadda abin yake. A gaɓa ta biyu daga gindin ƙahon akwai wani ƙulli cike da dubban jijiyoyi, wanda wani likita ɗan Amurka mai suna Christopher Johnston ya bayyana a 1855, kuma da sunansa ake kiran wurin har yau. Idan tamatar sauro tana tashi, fukafukanta suna kaɗawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, iskar da suka motsa ta girgiza gashin ƙahon namijin, jijiyoyin kuma su kai saƙon ga ƙwaƙwalwarsa. Shi ya sa ƙahon namiji ya fi na macen gashi nesa ba kusa ba. Kukan nan da ke hana mu barci da damina, da shi namijin yake gano macen, ita ce kuma mai cizo. Ƙudan zuma ma da wannan gaɓa suke jin motsin 'yar uwarsu cikin duhun amya, lokacin da take rawar nuna musu inda furanni suke.

Wani ɗalibi daga Runjin Sambo ya ce: "Me ake nufi da 'jiki ya fi kunne ji'?"

Ɗana, ana faɗa wa wanda aka yi wa nasiha ya ƙi, sai da wuya ta taɓa shi sannan ya hankalta. Daɗin maganar yana cikin "ji" ɗin nan mai fuska biyu, na saurare da na raɗaɗi, kuma masu cewa "jiki ya fi kunne saurare" sun kashe ta ba su sani ba. A wurin wasu ƙwari ma maganar zahiri ce, domin dodon kunnen gyare a ƙafafunsa na gaba yake, na fara kuwa a gefen cikinta.

Daga Wurno an tambaya: "Sabro ne daidai ko sauro?"

Duka biyun Hausa ne. Namu na Sakkwato, sabro, shi ne tsohon lafazi, kamar yadda muke cewa amre da zamna inda Bakano yake cewa aure da zauna. Ka rubuta sauro a jarrabawa, amma kada ka yi wa mahaifiyarka gyara.

Wani kuma ya ce: "Kwari ake rubutawa ko ƙwari?"

Idan jam'in ƙwaro kake nufi, sai da lanƙwasa. Kwari marar lanƙwasa shi ne gangaren da ruwa yake kwanciya.