Idan jirgin sama ya yi hatsari, shin babu mai tsira ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Mahaifiyata mai shekara 67 za ta tafi Umra a karon farko, kuma daga Accra jirginsu zai tashi. Mun yi niyyar ta hau jirgi daga nan Kumasi zuwa Accra, amma tun hatsarin jirgi mai saukar ungulu da ya ci ministocinmu, ga kuma bidiyon jirgin Indiya da ake ta turo mana a WhatsApp, Mma ba ta iya barci. Yayana ya yanke cewa ta bi motar dare, domin a cewarsa a mota ana tsira, amma a jirgi idan abu ya faru an gama, bel ɗin kujera da bayanin ma'aikatan jirgi duk kwantar da hankali ne kawai. Wata maƙwabciya kuma ta kawo maganin barci, ta ce Mma ta sha kafin ta shiga jirgin Saudiyya. Ni kaina tsoro ya kama ni. Me zan gaya mata? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kai Mma lafiya ya dawo da ita lafiya, ya kuma jiƙan waɗanda muka rasa. Tsoronta ba abin kunya ba ne, domin mutum 8 da suka rasu ranar 6 ga Agusta 2025 a kan hanyarsu ta zuwa Obuasi, ciki har da Dakta Edward Omane Boamah da Dakta Ibrahim Murtala Muhammed, mutane ne da muka san fuskokinsu, kuma rashin ya shiga kowane gida a Zango. Sai dai ki sani cewa wancan jirgin soja ne mai saukar ungulu, wanda ke tafiya ƙasa-ƙasa a kan daji da tuddai, kuma dokokin da ke kansa daban suke da na jirgin fasinja da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ghana ke ba lasisi. Na Indiya kuwa jirgin fasinja ne, ba zan ɓoye miki ba: ranar 12 ga Yuni 2025 ya faɗi a Ahmedabad jim kaɗan bayan tashinsa, kuma cikin mutum 242 da ke ciki mutum ɗaya ne ya fita da rai.

Yanzu ki ajiye wannan kusa da lissafin shekara guda. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙidaya tashin jirage fiye da miliyan 40 a 2024, kuma 7 ne kawai daga ciki suka ƙare da asarar rai, inda mutum 244 da ke cikin jiragen suka rasu a duk faɗin duniya. A shekarar 2024 ɗin dai, hanyoyin motar Ghana kaɗai sun ci kusan mutum 2,500. Dalilin da ya sa zuciya ba ta jin wannan lissafi shi ne yadda labari ke zuwa mana. Faɗuwar jirgi abu ne da ba kasafai ake gani ba, ga wuta ga hayaƙi, don haka gidajen talabijin na duniya sukan yi mako suna maimaita hoto ɗaya, har mai kallo ya ji kamar jirage goma ne suka faɗi. Lokacin da bas biyu suka yi taho-mu-gama kusa da Kintampo a Maris 2019, mutum fiye da 50 suka rasu, amma kafin mako ya zagayo maganar ta kwanta. Waɗanda ke mutuwa biyu-biyu, uku-uku a tsakanin Nkawkaw da Konongo a kan hanyar Accra zuwa Kumasi kuwa, sau da yawa sai dangi da masu wanka ne ke sanin labarinsu. Haka nan idan matuƙi ya ga wata alama a na'ura ya juya ya sauka don a duba, wanda shi ne ainihin abin da aka horar da shi ya yi, sai ki ga an rubuta cewa fasinjoji sun tsallake rijiya da baya. Masu tura saƙo a WhatsApp kuma sun fi kowa ɓarna, domin na sha ganin hoton wasan kwamfuta ko bidiyon shekara goma da suka wuce an ɗora masa salati da kuka, an ce jiya ya faru.

Amma maganar yayanki ce ta sa na zauna na rubuta wannan amsa da tsawo, domin ita ce maganar da nake ji a majalisa a unguwar Nima ta Accra, da bakin masallaci, da wurin rakiyar alhazai, kuma magana ce da ke kashe mutane. Na yi shekaru ina aikin gyara da duba lafiyar jirage a Accra, kuma ina gaya miki cewa ba gaskiya ba ne. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi duk haɗurran jiragen fasinjan ƙasar daga 1983 zuwa 2000, ta samu cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na mutanen da ke cikin jiragen sun tsira. Mafi yawan haɗurra suna faruwa ne wajen tashi ko sauka, kusa da ƙasa: jirgi ya zarce titinsa, taya ta fashe, inji ya kama wuta. A irin waɗannan, mutum yakan kasance da ransa bayan jirgin ya tsaya, kuma abin da ke tsakaninsa da mutuwa shi ne hayaƙi da daƙiƙoƙin da suka rage masa. Shi ya sa ba a ba babban jirgi izinin ɗaukar fasinja sai an nuna cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin a rufe suke.

Ranar 2 ga Janairu 2024 wani jirgin Japan Airlines ya yi karo da ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, ya kama da wuta ya ƙone ƙurmus, amma duk mutum 379 da ke cikinsa sun fita da rai, saboda sun saurari ma'aikata sun bar kayansu. A Moscow kuwa, a Mayu 2019, jirgi ya kama wuta wajen sauka, mutum 41 cikin 78 suka rasu, kuma duniya ta ga hotunan wasu daga cikin waɗanda suka fito riƙe da jakunkuna. Duk wanda ya tsaya buɗe ma'ajiyar sama don ya ciro jakarsa, numfashin wanda ke bayansa yake ci, jakar kuma tana iya yaga robar da ake zamewa a kanta zuwa ƙasa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu mutanen fatauci ne, kuma na san Hajiyar da ke da jarinta a jaka ko dabino da tsarabar jikoki ba za ta so ta bar su ba. A 1996, lokacin da jirgin Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, wasu fasinjoji sun hura rigar ceto tun suna ciki, ruwa ya ɗaga su ya maƙale su, suka kasa kaiwa ƙofa. Bayanin da yayanki ke kira kwantar da hankali yana faɗin wannan ƙarara: kada a hura rigar sai an kai bakin ƙofa. Kowace jimla a cikin bayanin nan, sai da aka rasa rayuka kafin a rubuta ta.

Bel ma haka ne. Gargadar iska ba ta karya jirgin zamani, amma tana ɗaga wanda bai ɗaure ba ta buga shi da rufi. A Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga irin wannan gargada, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, jirgin kuwa ya sauka a Bangkok. Duk da haka, kowane lokaci na yi tafiya sai na ga mutanenmu sun kwance bel da zarar fitila ta mutu, sun miƙe suna jan kaya jirgi bai gama tsayawa ba, idan ma'aikaciya ta yi magana a ce mata ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya sa kwaɗo biyu a shagonsa na kasuwar Kejetia, sannan ya ƙi ɗaure bel yana fakewa da ƙaddara ba.

Ɓarna ta biyu da wannan magana ke yi ita ce wadda gidanku ke shirin aikatawa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurkawa da yawa sun ƙaurace wa jirgi suka koma mota, kuma wani masani Bajamushe, Gerd Gigerenzer, ya ƙiyasta cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar kusan mutum 1,600 a kan hanya cikin shekara guda. Tafiyar da jirgi ke yi cikin kamar minti 40, yayanki yana so dattijuwa ta yi ta a kilomita kusan 250 cikin duhu, tsakanin tireloli da motocin da suka lalace aka bar su a kan titi babu fitila, da direban da watakila tun safe yake tuƙi. Ki gaya masa da ladabi, domin na san ƙauna ce ta sa shi, cewa ya zaɓa wa Mma mafi hatsarin ɓangaren tafiyar.

Maganin maƙwabciya kuwa, a mayar mata da abinta. Wanda magani ya kwantar ba zai iya sa abin shaƙar iska da kansa ba idan ya sauko, alhali a can sama daƙiƙoƙi kaɗan ne mutum ke da su kafin hankalinsa ya gushe, kuma barcin awoyi ba motsi yana ƙara wa tsofaffi haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Idan tsoron ya yi tsanani, likitan da ya san hawan jininta ko sukarinta ne zai yanke abin da za ta sha.

Abin da za ki yi mata mai sauƙi ne. Ki zauna da ita ki yi mata bayanin da Hausa tun a gida, domin a jirgi da Turanci ko Larabci za a yi shi: yadda ake buɗe bel ta hanyar ɗaga murfin ƙarfen, da barinsa a ɗaure duk lokacin da take zaune, da duba ƙofar da ta fi kusa da ita gaba da baya tare da ƙirga layukan kujerun da ke tsakani. Fasfo da kuɗi da magungunanta su kasance a ƙaramar jakar da ke rataye a jikinta ƙarƙashin hijabi, ta yadda babu abin da zai sa ta waiwayi ma'ajiyar sama. Ta sa takalmi shafaffe, ta riƙa shan ruwa tana motsa ƙafafu. Idan tafiya na yi mata wuya, ku nemi keken guragu tun lokacin sayen tikiti, kuma ku roƙi a zaunar da ita kusa da wata daga cikin ayarinsu mai jin Hausa. Idan kuma kuɗin jirgin Kumasi zuwa Accra ne ya gagara, to ta bi babbar bas ta safe kwana ɗaya kafin tashinsu, ta ɗaure bel, ta kwana a Accra ta huta.